Kallon Fim ɗin da Ya Jawo Takaba Biyu

Tsufa ya share mini abubuwa da yawa daga kai. Yanzu sai in yi ta neman carbina alhali yana rataye a wuyana. Amma abin da aka yi wa matar ɗan wana a garin nan namu na Birnin Gwari, wannan kam ba zai bar zuciyata ba sai ranar da aka rufe ni da ƙasa. Ban yi boko ba, faɗa nake ana rubutawa, kuma ba zan kama sunan kowa ba. Waɗanda suka yi sun san kansu.

A unguwarmu an san ni da tsanani. Yarinya ba ta isa ta gifta ƙofar gidana da ɗankwali a kafaɗa ba ta ji daga bakina ba, kuma in aka yi haihuwa ko rasuwa ni ake kira in tsaya a kan abin da ya kamata. To amma ina da abin da nake so, ban kuwa taɓa ɓoye shi ba, wato kallon fina-finan mutanen ƙasashen waje. Tun zamanin kaset na fara, lokacin da wani direba maƙwabcinmu ya sayo bidiyo da ɗan janareta, mu mata mu cika tsakar gidansa bayan la'asar, kowa da goyonta. Ba mai jin yarensu a cikinmu, amma ba wadda ta taɓa tashi ba ta san wanda aka cuta ba. Da zamani ya juya, ɗana da ke aiki a Kaduna ya sayo mini waya mai faɗin fuska, nake kai ta wurin masu caji a bakin tasha suna zuba mini.

Mai shagon har ya gane halina. Matasa na rububin na faɗa da na rawa, waɗanda aka fassara da Hausa, ni kuwa fassarar nan ba ta kwanta mini ba. Mace na kuka a kan gawar ɗanta, mai fassara na zuba barkwanci a kai, ina amfanin wannan? Nawa su ne waɗanda ya ce ba mai tambayarsu, ƙananan fina-finai na mutanen karkara, ba harbi, ba mota mai tashi sama, wani lokaci a yi doguwar tafiya ba wanda ya ce uffan. Da ya hango ni sai ya ce, "Inna, ga irin naki an samu, na masu shiru." Rubutun da ke bi ta ƙasan hoton ba ni da rabo a cikinsa. Ni fuska nake kallo, da hannu, da yadda mutum ke ajiye kwano in ransa ya ɓaci.

A cikin 'yan wasan akwai wata mata da na ɗauka kamar 'yar'uwa. Ban san sunanta ba, ban san sunan ƙasarsu ba. Ƙasa ce dai mai duwatsu da sanyi, matansu na ɗaura kallabi, suna salla kamar mu, suna shan shayi a 'yan ƙananan kofuna. Faffaɗar fuska gare ta, ba ta shafe-shafe, kuma ba ta ihu in abu ya same ta. Sai dai ka ga tana ninke tufafi, hannun ya tsaya cak, shi ke nan ka san zuciyarta ta karye. Akwai kuma wani dogo siriri mai ɗan gemu da suke yawan fitowa tare. Shi ko tsayuwa kawai ya yi sai ka yi dariya, kullum kamar wanda aka aika ya manta saƙon. In na ga hoton ɗayansu a wayar, na san yinin nan ba zan yi kaɗaici ba.

To ga yadda abin ya faru. Wana ya rasu tun da daɗewa ya bar 'ya'ya uku: babban namiji da ke harkar hatsi a Tsohon Birnin Gwari, sai mace da ke aure a Saminaka, sai autansu da ke nan cikin gari kusa da ni. Wata kaka autan ya hau babur zai ɗauko masara daga gonarsa ta wajen Kutemeshi, mutanen daji suka tare hanya. Gawarsa aka kawo mana da hantsi a bayan a-kori-kura. Ya bar mata ƙarama, 'yar Kutemeshi, da yaro namiji da bai isa shiga makaranta ba, da jaririya a nono. Ita matar yarinya ce, ubanta ya rasu, uwarta kuma ta yi gudun hijira can wajen wasu dangi masu nisa, ba ta da kowa a gari. Da aka zo batun wadda za ta zauna da ita takaba, kowa ya juyo ya dube ni. Na ɗauki tabarmata da butata na tare a ɗakinta.

Takaba ba baƙuwata ba ce, na yi tawa. Wata huɗu da kwana goma, ba kwalli, ba turare, ba fita, zane ɗaya koɗaɗɗe, kina zaune kina sauraren ƙarar turmin maƙwabta kamar daga wata duniya. Na san nauyinta. Amma abin da na gani a yarinyar nan ya wuce takaba. Ranar da aka kawo gawar ko ɗigon hawaye ba ta yi ba, mata na ta yabo, "Kai, yarinyar nan akwai tawakkali." Ni da nake kwana nake tashi da ita na san ba tawakkali ba ne, daskarewa ce. Sai ta juya wa ƙofa baya ta zuba wa bango ido tun safe har azahar. In na ajiye mata abinci, yadda na ajiye haka zan ɗauke. Yaron ya zo ya ja zanenta yana "Umma, Umma," ta dube shi kamar ɗan wasu. Nono ya fara ƙafewa, jaririyar ta tsotsa ta saki ta tsala ihu, sai da na koma ɗura mata ruwan koko da cokali.

Ba abin da ban yi ba. Na yi nasiha, na yi faɗa, na dama kunun kanwa, na karɓo rubutu wurin malam na tsaya a kanta ta sha. Dangi kuwa tun bayan sadakar bakwai kowa ya kama gabansa. Ranar Juma'a wasu su leƙo, su duba idonta ko da kwalli, su shinshina ɗakin ko da turare, su ce "Allah ya ba da haƙuri," su shuri takalmansu. Ba wanda ya taɓa tambayata, "Gwaggo, yau ta ci abinci?"

Wata rana bayan azahar na gaji da zaman kurame. Na koma lungun ɗaki na ciro wayata, na rage murya, na kunna wani fim da aka zuba mini tun kafin rasuwar. Don kaina na kunna, ba don ita ba. Matar nan tawa ce a ciki. Mijinta ya kora jakuna ya haura dutse da kaya bai dawo ba, ita kuma tana nan tana kiwon awakinsu. Ina cikin kallo sai na ji motsi. Yarinyar ta juyo. Can sai ta matso da gwiwa har kafaɗarta ta taɓa tawa.

"Gwaggo, me ya same ta?"

Rabon da in ji muryarta ta yi tambaya har na manta. Na ce, "Abin da ya same ki."

Muka ci gaba da kallo. Sai aka nuna matar ta tattara wanki ta tafi bakin rafi, a ciki har da rigar sanyin mijin. Ta tsoma sauran kayan, ta ɗago rigar za ta tsoma, sai hannun ya tsaya. Ta daɗe a haka. Daga nan ta ninke ta da dauɗarta ta cusa a ƙirji ta juya gida. Wallahi a daidai nan yarinyar ta fasa wani irin kuka da ban taɓa jin irinsa ba, kamar ana tsaga itace ɗanye. Ta kifa kai a cinyata tana kiran mijinta, tana cewa ita ma rigarsa ta gona tana nan ƙarƙashin katifa ba ta wanke ba. Ban ce ta yi haƙuri ba. Na bar ta ta yi har aka kira la'asar. Da ta idar da salla ta ce, murya a dushe, "Gwaggo, akwai sauran tuwon jiya?" Na ɗumama mata, ta cinye tas har da suɗe kwano. Ba a yi mako ba nono ya dawo.

Daga ranar ya zama mana al'ada. In mun yi azahar, mun yi lazimi, sai mu jingina wayar a jikin kwalla mu zauna mu uku da yaron. Tunda ba mai jin yaren, rabin daɗin a gardama yake. Ita ta ce dogon nan ƙanen matar ne, ni in ce neman aurenta yake.

"Haba Gwaggo, wa zai auri wannan mai wuyan zalɓe?"

"Ke dai ba ki san maza ba. Dubi yadda yake gyara hula in ya hango ta."

"Tsoronta yake ji, Gwaggo, bashi gare ta a wurinsa."

Haka za mu yi ta yi, kowa ta kafa nata labarin a kan hoto ɗaya. Ta fara tsefe wa jaririyar kai, ta fara tsawata wa yaron in ya yi ɓarna, wanda a wurina ya fi komai daɗin ji. Ba ta saka kwalli ba, ba ta taka ƙofar gida ba, ba ta fasa salla da addu'a ga mijinta ba. Ina nan ina kallo, kuma ni ba a yi mini wasa da addini.

Takaba ta yi nisa, saura kamar wata guda, sai ga ranar tsiya. Juma'a ce. Muna kallon wani wurin da akuya ta sace hular dogon nan, ya bi ta ya kama igiyarta, ta ja shi ta kifa shi cikin taɓo, ya tashi yana gaishe da mutane kamar ba abin da ya faru. Yarinyar ta tuntsire da dariya, ta farko tun da aka kawo gawar mijinta. Ni ma ina dariyar ina hamdala a zuci. Sai kawai aka yaye labule. Yayar marigayin ce daga Saminaka, da ƙullin kayanta a ka.

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un! Gwaggo, me idona ke gani?"

Na ce, "Ke, sallama ake yi in za a shiga ɗakin mutane."

"Na yi sallamar, dariya ta hana ku ji! Ƙanena ko ciyawa ba ta tsiro a kabarinsa ba, matarsa na nan tana shewa!"

Ta suri wayar. Rashin sa'a hoton ya tsaya daidai fuskar mutumin, ya cika gilashin yana murmushi. Ta yi waje da ita tsakar gida tana ɗagawa sama. "Jama'a ku zo ku gani! Ƙato take kallo! Mai takaba ta tasa ƙaton banza a gaba tana wage masa baki!" Na bi ta na fizge abata, na ce in ta ƙara ɗaga murya a gidan marayu sai na mare ta, ko ita ce uwar garin. Amma bakin alƙalami ya riga ya bushe, kawuna sun cika katanga. Kafin magariba labarin ya yi ƙafa ya yi fiffike. A bakin rijiya an ce ba fim ba ne, wani ne take magana da shi ta waya. A wurin masu niƙa an ce har an sa rana. Mutumin da ke can ƙasar duwatsu, bai san da zamanmu a duniya ba, shi aka mayar bazawarin yarinyar da ba ta leƙa zaure ba tun kaka.

Ranar kasuwa, da motoci suka samu wucewa, sai ga babban wan daga Tsohon Birnin Gwari. Aka shimfiɗa tabarma a tsakar gida, yarinyar tana daga cikin ɗaki bayan labule. Yayar ta fara. Wai takaba ta ɓaci. Wai mace in ta dubi baƙon namiji ta yi dariya a cikin takaba, to duk kwanakin da ta yi sun zube, sai ta sake daga farko. Kuma wai macen da ba ta ji mutuwar mijinta ba, ba ta cancanci riƙon ɗansa ba. Da ta zo nan na dubi babban wan, ya sunkuyar da kai yana wasa da makullin babur. Allah bai ba shi ɗa namiji ba, kuma tun ranar sadakar uku na lura da irin kallon da yake bin yaron da shi. Na gane inda aka dosa.

Na aika aka kira limamin unguwa, dattijo ne da ba ya tsoron kowa. Ya saurari kowa, sannan ya ce, "Takaba ba alwala ba ce da za a ce ta karye. Allah ne ya ƙayyade mata kwanakinta, daga ranar rasuwa ake lissafi, ba mai iya ƙara mata ko yini ɗaya." Ya juyo gare ni ya ce, "Ke kuma Gwaggo, da karatu kika kunna mata da ya fi." Na ce, "Allah gafarta Malam, na kunna, kuma muna kunnawa kullum da safe. Amma ranar da ta ci abinci ga abin da ya sa ta ci." Ya ce Allah shi ne masani, ya yi addu'a ya tafi masallaci.

Ƙafarsa ba ta gama fita zaure ba babban wan ya gyara murya. "Malam ya faɗi na littafi, mun ji. Amma kowane gida da abin da ya gada."

Na ce, "Wane gida? A gidan nan aka yanke mini cibiya tun ubanku bai san zai yi aure ba. Na ga takabar kakarku, na ga ta uwarku, na yi tawa. Yaushe aka taɓa sake takaba? Ke, a ina kika samo wannan?"

Yayar ta ce haka ake yi a dangin mijinta, uwar mijinta ce ta faɗa mata.

"To ki bari in naki ya mutu ki yi guda uku, ba mai hana ki."

"Gwaggo, fata kike yi mini?"

"Ke me kike yi wa wannan da ke bayan labule? Kai kuma da kake maganar jin mutuwa, ba kai aka gani a gidan kallon ƙwallo ana gobe sadakar bakwai ba, kana tsalle har hularka na faɗuwa?"

Ya ce, "Ni namiji ne Gwaggo, ba takaba a kaina."

Na ce, "Ƙanenka ne fa, ciki ɗaya."

Sai ya yanke hukuncinsa, yana magana a hankali kamar mai auna hatsi. Gari ya riga ya ɗauka, in ji shi, kuma sunan gidansu ne a bakin mutane. Abu biyu ne, ta zaɓi ɗaya. Ko ta sake takaba daga farko kowa ya ga ta yi nadama, a bar mata 'ya'yanta. Ko ta ƙarasa kwanakin da suka rage ta kama gabanta da jaririyar, shi kuma ya ɗora yaron a babur su tafi Tsohon Birnin Gwari.

Na miƙe na ce wallahi sai dai mu haɗu gaban alƙali, in ya so a tara garin nan kaf a kunna fim ɗin kowa ya ga akuyar da ta raba uwa da ɗanta. Ina cikin wannan sai murya ta fito daga bayan labule, ƙasa-ƙasa.

"Zan sake."

Na ce, "Ke, rufe mini baki!"

"Gwaggo, ki bar ni. Wa gare ni da zai tsaya mini a kotu? In an gama shari'ar ma a gidan wa zan zauna? Hanyar dajin nan ita ta ci uban yaron nan. In aka bi da shi ta cikinta, yaushe zan ƙara ganinsa? Yaya, na ji, zan sake. Ku bar mini ɗana."

Na zauna daɓas. Na san lissafinta ya fi nawa. Ni fushina nake bi, ita ɗanta take bi. Abu ɗaya na iya yi. Na sa aka kira maza biyu daga maƙwabta, na ce babban wan ya maimaita a gabansu cewa in ta sake, ba shi ba maganar ɗaukar yaro har abada. Ya yi ta kame-kame, na ce in bai faɗa ba kada ya kuskura ya zo kan gawata. Ya faɗa. Suka ci abincin da na dafa, shi da 'yar'uwarsa, suka kama hanya tun rana ba ta yi sanyi ba don kada yamma ta yi musu a daji.

Haka yarinyar nan ta koma ranar farko. Na ce tunda a hannuna abin ya faru, ƙafata ƙafarta, ban koma gidana da kwana ba. Da kwanakinta na gaskiya suka cika, liman ya aiko matarsa ta raɗa mata cewa a wurin Allah ta fita. Ranar na dafa ruwa na sa ta yi wanka, na rufe ƙofa, na ciro kwallina na zizara mata da hannuna, na miƙa mata madubi. Ta dubi kanta ta daɗe. Sannan ta jiƙa bakin zane ta goge shi tas, ta ce kada wani ya shigo. Ta mayar da koɗaɗɗen zanenta ta zauna zaman da ba Allah ne ya ɗora mata ba.

Takaba ta biyu a bazara ta faɗo. Wanda ya san ɗakin kwano a garin nan lokacin zafi ya san abin da nake nufi. Ƙuraje suka feso wa jaririyar, yarinyar ta yi baƙi ta rame, tana ji ana biki a maƙwabta, tana ji ƙawayenta na wucewa kasuwa. Waɗanda suka ɗora mata kuwa? Yayar ta leƙo ba ta fi sau biyu ba, wai hanya ba kyau. Hanyar ta yi kyau ranar da za a zo tozarta marainiya. Babban wan ya aiko da 'yar masara sau ɗaya, ko kiran waya bai ƙara ba. Su da suka ce gari ya ga nadama, ko tsayawa su gani ba su yi ba.

Wayar kuwa ba ta ƙara yarda ta dube ta ba. In na ciro sai ta ce, "Gwaggo, don Allah mayar." Sai na koma in na je gidana ɗebo wani abu da rana in zauna in kalli rabona a can, in dawo in ba ta labari da baki. In kwaikwayi tafiyar dogon, in nuna mata yadda matar ta ajiye tulu. Takan rufe baki da mayafi ta yi dariyar a ciki, idonta na kan labule. Wannan dariyar ta ɓoye ta fi kukanta ƙona mini rai.

Ruwan farko ya sauka, mutane sun fita shuka, sannan ta fita. Ba taro, ba sadaka, don liman ya ce shi ba zai yi addu'ar fita daga abin da babu shi ba, kuma na ba shi gaskiya. Ni da maƙwabciya ɗaya muka raka ta ƙofar gida. Ta tsaya tana ƙifta ido kamar wadda aka ciro daga rijiya, yaron na riƙe da hannunta. Ba wanda ya ɗauke shi. Da babban wan ya so ya tayar da maganar bayan shekara, mazan nan biyu suka tuna masa abin da bakinsa ya faɗa, ya haɗiye. Yau yaron yana makaranta, ya kusa kamo uwarsa a tsawo, ita kuma tana tuyar awara a ƙofar gida tana ciyar da su. Amma har yanzu in ta iske yara sun taru a kan waya suna kallo, kau da kai take yi ta ƙara sauri. Kuma har yanzu akwai masu nuna ta da baki a gidan biki. Yayar takan gaishe ni in mun haɗu, ina amsawa don Allah ya ce a amsa, ba na ƙarawa da komai.

Ni kam ban daina kallona ba, kuma ba zan daina ba. Matar nan mai faffaɗar fuska ta tsufa yanzu, kakanni take fitowa, duk na gan ta sai na yi mata addu'a ko da ban san da wane suna zan kira ta ba. Ba ta san mu ba, ba ma jin yarenta, amma ta yi wa marainiyar Allah abin da dangin mijinta suka kasa, ta buɗe mata ƙirji ta yi kuka ta ci abinci.

Abin da na koya, kuma nake faɗa wa duk wadda za a ba zaman takaba, shi ne baƙin ciki ba shi da fuska ɗaya, kuma wanda bai zauna da mai makoki ya ga ranar da ta kasa haɗiyar ruwa ba, ba shi da bakin auna mata dariya. In an ce miki abu al'adar gida ne, ki duba a kan wa ake sauke shi. In kullum a kan marar gata yake sauka, to ba al'ada ba ce, zalunci ne aka naɗa wa rawani. Ranar da kika yaye labule kika iske wadda aka yi wa mutuwa tana dariya, ki gode wa Allah, ki saki labulen a hankali, ki koma zaure ki sake sallama.